Filinge: Abin da gwajin hanta ke faɗa game da ciwon sukari tun kafin ya bayyana

A asibitocin Nijar da Faransanci ake rubuta sakamakon gwajin jini. Mutumin Filinge ko Bonkuku da aka tura ɗakin gwaji yakan dawo da takarda mai ɗauke da ALAT, ASAT da Gamma-GT, wasu wuraren kuma su rubuta TGP da TGO. Idan likita ya ce lambobin sun ɗan hau, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne shawara ko ciwon hanta. Sai dai binciken likitoci na sama da shekara 20 ya nuna waɗannan lambobi kan zama gargaɗin ciwon sukari, shekaru kafin mutum ya soma yawan ƙishirwa da fitsari.

Hanta rumbun jiki ce

Duk manomin Kurfai ya san aikin rumbu: a zuba gero da kaka, a riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan har sabon hatsi ya iso. Haka hanta take. Bayan an ci abinci, sukari yakan ƙaru a jini, sai sinadarin insulin ya umarci hanta ta kwashe rarar ta adana. Hantar babban mutum na iya ajiye kimanin giram 100. Da dare, ko lokacin azumi, sai ta riƙa sakin ajiyar cikin jini don kada ƙwaƙwalwa ta rasa abin aiki. In ajiyar ta yi ƙasa, hanta na iya ƙera sabon sukari da kanta.

Matsala na farawa ne idan abin da ke shigowa kullum ya fi abin da jiki ke ƙonawa. Hanta takan mayar da rarar kitse, ta tara a cikinta. Hantar da kitse ya cika ba ta jin umarnin insulin yadda ya kamata, don haka sai ta ci gaba da zuba sukari a jini ko da an ƙoshi. Jiki ya ƙara yawan insulin don ya shawo kanta, shekara da shekaru, har gaɓar da ke samar da shi ta gaji. A nan ne ciwon sukari nau'i na biyu ke fitowa fili.

Su kuwa ALAT da ASAT a cikin ƙwayoyin hanta suke aikinsu. Idan ƙwayoyin suka wahala sai su tsiyayo cikin jini, gwaji ya gan su. Yawancin ɗakunan gwaji na sa iyakarsu kusa da 40, amma kowane wuri da ma'auninsa.

Abin da bincike ya gano

A 2002 masu bincike a Amurka suka wallafa nazari kan ƙabilar Pima ta jihar Arizona, inda suka ga masu yawan ALAT sun fi saurin kamuwa da ciwon sukari daga baya. Nazarce-nazarcen da suka biyo baya a Turai da Asiya sun nuna mai kitse a hanta na da haɗarin kamuwa da ciwon kusan ninki biyu. An ƙiyasta cewa kusan mutum uku cikin kowane goma na manya a duniya na ɗauke da wannan kitse, akasari ba tare da wata alama ba.

A Afirka babban abin damuwa shi ne rashin sani. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ce a 2021 manya miliyan 24 ne ke da ciwon a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. A Nijar, binciken STEPS na 2007 da aka yi tare da Hukumar Lafiya ta Duniya ya sami ciwon a kashi 4.3 cikin 100 na manyan da aka gwada.

Daga gero zuwa shinkafa da lemon kwalba

Filinge na da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a kwarin Dallol Bosso. Ƙasa ce ta gero da wake da kiwo, kuma a Tukunus ne tashar kiwon shanun Azawak take. Wanda ya tashi a nan ya saba da fura da tuwo da noman hauya da tafiyar ƙasa.

Amma Kurfai ƙasar ƴan ci-rani ce. Matashin da ya koma Yamai, Kwatano, Abijan, Legas ko Aljeriya yakan sauya abinci cikin ƴan watanni: biredi da shayi da safe, shinkafa ko taliya da mai da rana, lemon kwalba saboda zafi, sannan zaman shago ko tuƙi har dare. Gwangwanin lemo ɗaya na ɗauke da sukari kusan giram 35, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada abin da mutum ke ƙarawa a yini ya wuce kimanin giram 50. A haɗa da shayin fada zagaye uku da zoɓo mai zaƙi, an zarce iyaka tun kafin la'asar. Ga shi kuma har yanzu ana kallon tumbi a matsayin shaidar cewa ci-rani ya yi albarka.

Siririn mutum ma bai tsira ba. Akwai masu kitse a hanta da ba su da ƙiba, kuma ALAT na iya fitowa daidai alhali kitsen na nan. Shi ya sa likita kan haɗa da hoton ciki da awon ƙugu. Ƙugun da ya kai santimita 94 ga namiji, ko 80 ga mace, alama ce ta a yi hattara.

Ba kitse kaɗai ke ɗaga lambobin ba

A Nijar kuskure ne a ɗora laifi kan kitse kai tsaye. Ƙasar na cikin yankunan da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma sai a 2008 rigakafinsa ya shiga allurar jarirai, ma'ana galibin waɗanda suka haura shekara 20 ba su samu ba suna yara. Zazzaɓin cizon sauro, barasa, magungunan tebur da ake sha barkatai, yawan farasitamol, wasu jiƙe-jiƙen gargajiya da gyaɗar da ta yi fumfuna duk suna taɓa hanta. Don haka wanda lambobinsa suka hau ya nemi gwajin nau'in B da C, ya kuma faɗa wa likita duk abin da yake sha, har da na gargajiya. Sayen maganin “wankin hanta” a tasha na iya ƙara dagula lamarin.

Gwajin hanta kuma ba ya maye gurbin gwajin sukari. Ana yin na sukari ne da safe kafin a ci komai. Giram 1.26 a lita ko sama da haka, idan ya maimaita a gwaji na biyu, ciwon sukari ne. Tsakanin 1.10 da 1.25 mutum na bakin ƙofa.

Kitsen na narkewa

Hanta na saurin farfaɗowa idan aka sassauta mata. Rage kashi 7 zuwa 10 cikin 100 na nauyin jiki na rage kitsen da kumburin hanta, wato kilo 6 zuwa 8 ga mai kilo 80. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2002, gyara abinci da motsa jiki na minti 150 a mako sun rage kamuwa da ciwon da kashi 58 cikin 100 ga waɗanda ke bakin ƙofa. A Birtaniya kuwa, gwajin DiRECT na 2017 ya nuna kusan rabin masu ciwon da suka bi tsarin rage nauyi sukarinsu ya dawo daidai ba tare da magani ba bayan shekara guda.

Abincin da ake bukata na nan a kasuwannin Filinge da Baleyara: gero da dusarsa, wake, zogale, kuka, kuɓewa da nono. Sai dai a kula, fura ma idan aka cika ta ko aka narka mata sukari tana ɗaga sukarin jini.

A Nijar kyautar magani ta fi shafar yara ƴan ƙasa da shekara biyar da mata masu juna biyu, don haka kuɗin ciwon sukari daga aljihun iyali yake fita. Idan ya kai ga taɓa ƙoda, ido ko ƙafa, sai an dangana da manyan asibitocin Yamai, a lokacin da matsalar tsaro ta sa tafiya a Tillaberi ta yi wuya. Ɗan ci-ranin da ke aiko kuɗin cefane gida zai yi wa iyayensa babban alheri idan ya ware na gwajin sukari da na hanta sau ɗaya a shekara, shi ma ya yi nasa a inda yake zaune.