Furen tajet: ado a gida, kariya ga garka

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin wannan abu a garka. Mun dasa tumati, mun zuba taki, muna ban ruwa safe da marece. Amma da rana ta take, sai ganye ya yi yaushi. Shuka ba ta girma, ƴaƴanta kaɗan ne kuma ƙanana. Sai mu ce ƙasa ta gaji, ko iri ne ba shi da kyau.

Kafin mu ɗora laifi ga iri, mu tumɓuke shuka ɗaya, mu duba saiwarta. In mun ga saiwar ta kumbura, ta yi ƙullutu-ƙullutu, to, tsutsar saiwa ce ta shiga. Malaman gona suna kiran ta nematod. Ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganin ta. Tana zaune cikin ƙasa, ta fi son ƙasa mai rairayi da ɗumi, irin wadda muke da ita a wurare da yawa na jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Tana shiga saiwa, ta hana shuka shan ruwa da abinci. Ta fi ɓarna ga tumati, kuɓewa, yalo, salati da karoti.

Kada mu rikita ta da ƴan ƙwayoyin da ke jikin saiwar wake da gyaɗa. Waɗannan masu amfani ne, suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. In an murza su da yatsa, sai su ɓalle. Kumburin tsutsa ba ya ɓallewa, domin saiwar ce da kanta ta kumbura.

Mene ne tajet?

Maganin kanti na kashe wannan tsutsa yana da tsada, kuma guba ne mai haɗari ga mutum da ruwan rijiya. Amma akwai wani fure da ke taimaka mana. Sunansa tajet. Asalinsa daga ƙasar Meziko yake, a nahiyar Amurka. Furensa rawaya ne ko ruwan goro, ganyensa yana da wari mai ƙarfi. Akwai gajere, wanda bai wuce gwiwa ba. Akwai dogo, wanda kan kai mita 1.

Saiwar tajet tana da wani sinadari da tsutsar ba ta jure wa. In ta shiga saiwar, ba ta samun girma, ba ta hayayyafa. Da haka yawanta yake raguwa cikin ƙasa.

Yadda za mu shuka shi

1. Mu zaɓi fangalin da tsutsa ta kama. Mu tumɓuke tsofaffin shuke-shuke da saiwarsu duka, mu ƙone su. Kada mu jefa su cikin ramin taki.

2. Mu kafce ƙasa, mu sa ruɓaɓɓen taki kaɗan. In taki ya yi yawa, ganye zai yi yawa, fure ya yi kaɗan.

3. Mu shuka iri sama-sama, zurfin santimita 1. Mu yayyafa ruwa a hankali. Cikin mako 1 zai tsiro.

4. In ya yi ganye 4, mu rage shi. Mu bar tazarar taƙi ɗaya, wato kamar santimita 20, tsakanin shuka da shuka.

5. Mu riƙa cire ciyawa. Wasu ciyayi suna ciyar da tsutsar, su ɓata mana aiki.

Tajet yana son rana sosai. Ba ya son ruwa ya kwanta masa. Bayan mako 6 zuwa 8 zai fara fure.

Abin da ya fi muhimmanci

Tushe biyu ko uku a bakin fangali ado ne kawai, ba za su kori tsutsa ba. Sai mun cika fangalin da tajet, mun bar shi aƙalla wata 2, in da hali wata 3. Bayan haka mu sare shi, mu turbuɗe shi cikin ƙasa ya zama taki.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne damana, sa'ad da garka take hutawa. In mun shuka a watan Yuli, ruwan sama zai shayar da shi. A watan Oktoba fangali ya shirya domin dashen tumati na noman rani.

Mu sani kuma, tajet yana rage tsutsa ne, ba ya ƙarar da ita. Saboda haka kada mu maimaita tumati wuri ɗaya kowace shekara. Mu riƙa sauyawa da albasa, ko hatsi, ko dawa. Kada mu sayi dashen da saiwarsa ta kumbura.

Iri da sauran amfani

Ba sai mun sayi iri kowace shekara ba. Mu bar furanni masu kyau su bushe a jikin shuka. In mun ɓare su, za mu ga iri siriri, baƙi, mai farin kai. Mu shanya shi a inuwa, mu adana cikin takarda, wurin da babu laima.

Masu kaji za su iya shanya furen, su zuba kaɗan cikin dusa. Yana sa gwaiduwar ƙwai ta ƙara launi.

Hattara biyu. Da bazara, jan gizo-gizo ƙanana suna son ganyen tajet. In mun ga ganye ya yi fari-fari da yana a ƙarƙashinsa, mu cire shukar kafin su koma kan tumati. Na biyu, ruwan ganyen yana sa wasu mutane ƙaiƙayi. Mu wanke hannu da sabulu bayan aiki.

Bana mu gwada da fangali ɗaya. In lokacin cire tumati ya zo, mu tumɓuke saiwa a wannan fangali da wani na kusa, mu gwama su. Abin da muka gani, mu kai shi ajin yaƙi da jahilci, mu tattauna da ƴan uwa.