Tebur ko Kwamiti: Wa Ya Cancanci Shiga Gasar Ƙwallon Jami'o'in Amurka?

Ɗalibin da ya saba da Firimiyar Ingila, inda tebur ke raba gardama, zai sha mamaki idan Disamba ta riske shi a wata jami'ar Amurka. A ƙwallon Amurka na jami'o'i, wanda ake rungumar ƙwallo ana gudu da ita, kwamitin mutum 13 ne ke zama ya jera ƙungiyoyin da za su buga wasannin sili-ɗaya-ƙwale na neman kofin ƙasa.

Akwai dalili. Ƙungiyoyi sun haura 130, kowacce kuma wasa 12 take bugawa kafin wasannin ƙarshe, galibi a cikin rukuninta. Yawancinsu ba sa haɗuwa, don haka babu tebur ɗaya da zai auna kowa.

Amma a 2023 aka ga inda gizo ke saƙa. Jami'ar Florida State ta ci wasanninta 13 duka, ta ɗauki kofin rukunin ACC, sai kwamiti ya ajiye ta, ya ɗauki Alabama wadda aka doke sau ɗaya. Hujjarsu ita ce Jordan Travis, mai jefa wa ƙungiyar ƙwallo, ya karye a ƙafa a watan Nuwamba, wai ba shi ƙungiyar ta rage ƙarfi. Wato an hukunta su kan wasan da ba a buga ba tukuna, alhali sun ci wasanni biyun da suka buga bayan raunin nasa. Gurabe huɗu ne kacal a lokacin.

Daga kakar 2024 gurabe suka koma 12: biyar na zakarun rukunoni mafiya matsayi, bakwai kuma zaɓin kwamiti. An samu sauƙi, ko da yake shekarar farko ta zo da nata abin dariya. Zakaru huɗun da aka hutar a zagayen farko, Oregon, Georgia, Boise State da Arizona State, duk an fitar da su a wasansu na farko, Ohio State da ke ta takwas ta ɗauki kofin. Shekara na zagayowa aka gyara dokar hutun.

Abin da ya fi damuna shi ne shawarar da rukunin Big Ten ya riƙa turawa, ta a ware masa gurabe huɗu, a ware wa SEC huɗu, tun kafin a busa usur. Kuɗin talabijin ne ke magana a nan; yarjejeniyar ESPN kaɗai ta kai dala biliyan 7.8 a shekara shida. A ganina, duk ƙungiyar da ta lashe rukuninta ba tare da an doke ta ba, kamata ya yi ta shiga kai tsaye, ko Boise take ko Alabama. Aikin kwamiti ya tsaya ga cike ragowar guraben da tsara wa zai kara da wa, a kuma bayyana wa jama'a ƙuri'ar kowane mamba, wadda har yanzu a asirce ake kaɗa ta.