Da Me Sauro Yake Kuka?

Yara, ku matso ku ji. Kukan nan da sauro ke yi muku a kunne ba da baki yake yi ba. Fukafukansa ne yake kaɗawa, sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda.

Tamatar ce kaɗai ke cizo, gama sai ta sha jini ƙwanta ke ƙosawa. Namijin kuwa ruwan furanni ya ishe shi.

Cikin 1897, a ƙasar Indiya, Likita Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓi a tumbin sauro. Watau in ta ciji majinyaci, bayan kamar kwana 10 ta cije ka, ta sa maka ciwon ke nan.

Saboda haka ku kwana cikin gidan sauro. In jikin yaro ya yi zafi, a kawo shi asibiti ran nan, kada a jira gobe.