Ɗakunan da Ake Hurawa a Sararin Samaniya: Fasahar da Ta Nuna Kafin Kasuwarta Ta Ci

Shirin musamman na wannan mako ya mayar da hankali ne a kan wani nau'in gini da ba a aza masa tubali, wato ɗakunan zama na sararin samaniya waɗanda ake harbawa a naɗe, sannan a hura musu iska su buɗe bayan sun isa falaki, da kuma 'yan kasuwar da suka zuba dukiyarsu a cikin wannan harka da fatan wata rana za su riƙa bayar da hayar ɗaki a sama kamar yadda ake bayarwa a ƙasa. Falaki a nan yana nufin hanyar da kumbo ke bi yana kewaya duniya, kamar wadda tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa take bi a nisan kimanin kilomita 400, inda take kammala zagaye ɗaya a cikin kusan minti 90.

Tushen maganar shi ne ƙuncin roka, domin duk abin da za a kai sama tilas ne ya shiga cikin murfin da ke goshinta, wanda faɗinsa a yawancin manyan rokoki bai wuce kimanin mita 5 ba, saboda haka ɗakin da aka ƙera da ƙarfen alminiyum ba shi da damar ya fi wannan faɗi komai buƙatar mazaunansa. Ɗakin da aka ɗinka da yadi kuwa yana tafiya ne kamar salka, a lanƙwashe lokacin da babu komai a cikinta, a kumbure idan an cika ta, kuma tun da babu iska a waje da za ta danne shi, matsin iskar da 'yan sama jannati ke shaƙa a ciki ya isa ya sa bangonsa ya yi tauri ƙwarai. Bangon kansa hawa-hawa ne: daga ciki akwai jakar da ke hana iska tsiyayewa, a bayanta akwai saƙar igiyoyin Vectran ko Kevlar, zaruruwan roba masu tsananin ƙarfi waɗanda su ke ɗauke da nauyin matsin, sannan daga waje akwai shimfiɗu da dama da aka bar tazara a tsakaninsu, domin ɓarɓashin dutse ko guntun tsohon kumbo da ke gudun kilomita da yawa a daƙiƙa guda ya farfashe a shimfiɗa ta farko, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai ga jakar iska.

Tunanin ba sabo ba ne, domin ɗan ƙaramin zauren da Alexei Leonov na Tarayyar Sobiyet ya bi ya fita daga kumbon Voskhod 2 a watan Maris na 1965, lokacin da ya zama mutum na farko da ya yi shawagi a wajen kumbo, hura shi aka yi. Amma aikin da ya zama uwa ga ɗakunan yau shi ne TransHab, wanda injiniyoyin hukumar NASA suka tsara a cibiyar Johnson da ke Houston a ƙarshen shekarun 1990, da farko domin tafiya duniyar Mars. A shekarar 2000 majalisar dokokin Amurka, wadda ta riga ta damu da yadda kuɗin gina tashar ƙasa da ƙasa ke hauhawa, ta hana hukumar ci gaba da kashe kuɗi a kansa, sai dai ta bar ƙofa a buɗe ga kamfanoni masu zaman kansu.

Wanda ya shiga ta wannan ƙofa shi ne Robert Bigelow, attajirin da ya tara dukiyarsa daga jerin masaukan baƙi na Budget Suites of America, ya kuma kafa kamfanin Bigelow Aerospace a Las Vegas ta Arewa da ke jihar Nevada, inda ya karɓi lasisin amfani da fasahar TransHab, ya yi alƙawarin kashe har dala miliyan 500 daga aljihunsa. A watan Yulin 2006 kamfanin ya harba Genesis I, ɗakin gwaji marar mutane, daga sansanin Dombarovsky na Rasha a kan rokar Dnepr, wadda asalinta makami mai linzami ce ta zamanin yaƙin cacar baka da aka sauya wa aiki. Ɗakin ya tashi da faɗin mita 1.6, ya buɗe zuwa kimanin mita 2.5, ya kuma riƙe iskarsa, sannan a watan Yunin 2007 Genesis II ya bi bayansa da irin wannan nasara. Ba ƙaramin abu ba ne a ce mai sana'ar masaukin baƙi ya kammala da kuɗinsa abin da wata babbar hukumar gwamnati ta ajiye, kuma wannan yabo ne da ya cancanta ko da me ya biyo baya.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne na ɗakin BEAM, wanda NASA ta biya dala miliyan 17.8 domin a liƙa shi a jikin tashar ƙasa da ƙasa. Kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ya tafi da shi a ranar 8 ga Afrilun 2016, amma da aka zo hura shi a ranar 26 ga Mayu sai ya cije, ya motsa 'yan santimita kaɗan kawai alhali matsin cikinsa na hawa, abin da injiniyoyi suka danganta da daɗewar da yadin ya yi a matse har shimfiɗunsa suka manne da juna. Bayan kwana biyu ɗan sama jannati Jeff Williams ya sake gwadawa, yana buɗe bawul da hannu na 'yan daƙiƙu, ya rufe, a jira yadin ya saki jiki, a sake buɗewa, har sau 25 a cikin sama da awa 7, yayin da ake jin ƙarar ɓas-ɓas ta ɗinkin wucin gadi da ke tsinkewa kamar yadda aka tsara. A ƙarshe ɗakin ya kai tsawon mita 4 da faɗin mita 3.2, cikinsa kuma ya kai kubik mita 16, wato gurbin da zai ɗauki lita dubu 16. Shekara biyu aka ɗiba masa, amma da aka ga ya jure zafi da sanyi da ɓarɓashin falaki sai aka ƙara masa wa'adi, aka mayar da shi ɗakin ajiyar kaya.

Duk da haka kamfanin da ya ƙera shi bai kai labari ba, domin a watan Maris na 2020, ana tsaka da annobar korona, ya sallami dukkan ma'aikatansa, kuma a ƙarshen 2021 mallakar BEAM ta koma hannun NASA, babban ɗakinsa mai suna B330 kuwa, wanda aka tsara zai kai kubik mita 330, bai taɓa barin ƙasa ba. Ɗora laifin a kan annoba kaɗai zai ɓoye ainihin darasin, domin matsalar ta girme ta. Bigelow ya gina masauki ne a wurin da babu hanyar zuwa: daga 2011, lokacin da Amurka ta ajiye jiragenta na Shuttle, kumbon Soyuz na Rasha ne kaɗai ke kai mutane tashar ƙasa da ƙasa, kuma gasar dala miliyan 50 da ya sanya tun 2004 ga duk kamfanin Amurka da zai ƙera kumbon ɗaukar mutane ta ƙare a 2010 ba tare da wani ya lashe ta ba. Sai a watan Mayun 2020, wata biyu bayan rufe masana'antarsa, SpaceX ya kai mutane falaki a karon farko.

Wasu kamfanoni sun ɗora daga inda ya tsaya, musamman Sierra Space, wanda ke ƙera ɗaki mai suna LIFE, kuma wanda a watan Disambar 2023 ya hura cikakken samfurinsa a cibiyar Marshall da ke jihar Alabama da gangan har ya fashe, domin a san iyakar juriyarsa. Samfurin ya kai matsin fam 77 a kan kowane inci murabba'i kafin ya tarwatse, wato kimanin ninki biyar na matsin iskar da mutum ke rayuwa a cikinta, ya kuma zarce ninki huɗun da NASA ta gindaya a matsayin sharaɗi.

Tambayar da har yanzu ke tsaye ita ce wa zai biya kuɗin haya. Masu yawon buɗe ido ba su da yawa, tun daga Dennis Tito da ya biya kimanin dala miliyan 20 a 2001 zuwa fasinjojin kamfanin Axiom na 2022 da aka ruwaito kowannensu ya biya kusan miliyan 55, kuma binciken magunguna da kayan masana'antu a inda abubuwa ba su da nauyi bai kai ga ribar da za ta ɗauki ɗawainiyar tasha sukutum ba. Shi ya sa, ko da yake ana kiran waɗannan tashoshi masu zaman kansu, babban mai sayensu gwamnati ce, kamar yadda ta bayyana a watan Disambar 2021 lokacin da NASA ta raba kimanin dala miliyan 415 ga Blue Origin da Nanoracks da Northrop Grumman domin su tsara tashoshin da za ta riƙa kama haya a ciki. Hukumar na da dalilin yin sauri, domin ta tsayar da 2030 a matsayin shekarar da tashar ƙasa da ƙasa za ta kammala aiki, ta kuma bai wa SpaceX kwangilar da za ta iya kai dala miliyan 843 a 2024 don ƙera kumbon da zai sauko da ita ta faɗa teku, alhali Sin ta kammala tata tashar ta Tiangong tun 2022, kuma idan tashoshin 'yan kasuwa ba su shirya a kan lokaci ba, mai yiwuwa Sin kaɗai ce za ta rage da mutane a falaki.