3.2 Shugabancin Ƙungiyar Manoman Shinkafa a Jihar Kebbi

A wannan sashe za a duba yadda aikin shugaban manoma ya sauya. A garuruwan ƙasar Gwandu irin su Malisa, Sarkin Noma ne aka sani da jagorancin manoma, kuma girmansa ya ta'allaƙa ne ga yawan dammunan da yake samu da iya tara jama'a wajen gayya.

Al'amarin ya canza a watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi. Daga baya ƙungiyar RIFAN ta zama babbar hanyar raba wannan bashi. Ya zama dole manomi ya shiga rukuni, ya buɗe asusun banki, ya kawo lambar BVN, a kuma auna gonarsa kafin ya karɓi iri da taki da injin ban-ruwa. Biya kuwa da shanshera ake yi bayan girbi. Wato shugaba ya koma mai riƙon rajista, kuma mai karɓar bashi daga hannun 'yan'uwansa.

A nan gizo yake saƙa. Wasu manoman sun ɗauki bashin tamkar rabonsu ne daga gwamnati, ga kuma ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin fadama a jihar. Idan shugaba ya matsa, a ce ya zama ɗan sandan banki. Idan ya sassauta, mambobinsa su rasa bashin baɗi. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya daina ba da sabon bashi irin wannan, ya mai da hankali ga karɓo na baya.