Tamostat: Ɗan Mai Gadin Da Ake Kora Daga Cikin Iyakwandishan

Duk wanda ya taɓa kwana a Gombe cikin watan Maris ko Afrilu ya san ba da wasa bazara take shiga garin ba. Zafi yakan kusanci digiri 40, wata rana ma ya wuce, kwanon rufi ya ɗau wuta tun da hantsi, bangon bulo kuwa ya sha rana yini guda, sa'an nan in dare ya yi ya riƙa amayar da ita cikin ɗaki. A unguwar Kagarawal, maƙwabciyar Malam Inna, da sauran unguwannin da suka bunƙasa tun bayan da aka kafa Jihar Gombe ran 1 ga Oktoba 1996, yawancin sababbin gidaje na bulo ne da rufin kwano. Saboda haka ma'aikaci ko ɗan kasuwar da Allah ya hore wa, da ya samu sarari sai ya sayo iyakwandishan ya kafa. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, cikin wannan na'ura akwai wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba, wanda shi ne ke yanke hukuncin yawan kuɗin wutar da mai gida zai biya, da kuma yawan shekarun da na'urar za ta yi masa. Masu gyara suna kiransa tamostat.

Shi tamostat ba ya kawo sanyi, ba ya kuma kawo zafi. Aikinsa gadi ne kurum. Yana auna zafin ɗaki, in ya ga ya sauka daidai lambar da aka umurce shi, sai ya tsai da kwamfuresa, watau injin da ke matsa iskar gas ɗin da ke sanyaya ɗakin. In zafi ya sake tasowa sai ya tashe shi. Asalin na lantarki daga wata makarantar horon malamai ne a jihar Wiskonsin ta Amurka. Wani malami, Warren Johnson, ya gaji da yadda mai kula da murhun makarantar yakan bi azuzuwa yana katse darasi don ya ji ko ɗaki ya yi ɗumi, sai ya ƙera wata na'ura da za ta kaɗa wa mutumin ƙararrawa in zafi ya yi yawa ko ya gaza, aka kuwa yi masa rajistarta a 1883. Irin na da, wani siririn ƙarfe ne mai falle biyu wanda ke tanƙwarewa in ya ji zafi. Na tsohuwar iyakwandishan ta taga, wadda ake murɗa mata maɓalli mai lambobi, wani ɗan bututu ne mai gas a ciki. Na zamani kuwa ɗan ƙullutu ne a bakin waya, an maƙala shi bayan ragar tace ƙura, inda iskar ɗaki ke shiga.

To, ga inda ake tafka kuskure. Mutum ya dawo daga kasuwa jiƙe da gumi, sai ya ɗauki rimot ya danna har lamba ta sauka 16, yana tsammanin hakan ne zai sa sanyi ya zo da sauri. Ina! Iyakwandishan irin ta yau da kullum gudunta ɗaya ne, ko an sa ta a 16 ko a 25. Lambar nan ba ta ce mata ta ƙara ƙoƙari ba, wurin tsayawa kawai ta nuna mata. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a bazarar Gombe kuwa da wuya ya sauka 16, don haka kwamfuresa ba zai huta ba har gari ya waye, masu ɗakin kuma can tsakar dare su ne za su tashi suna lalube neman bargo. Ko mai infata, wadda ke rage gudu maimakon ta tsaya cak, in aka ɗora mata lambar da ba za ta iya kaiwa ba, haka za ta kwana tana gudu iyakar ƙarfinta.

A zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, da zamanin takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi, mutane da yawa ba su damu da wannan ba, don ko an sha wuta ko ba a sha ba kuɗin da za a rubuto ke nan. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a Nuwamba 2013, Gombe ta faɗa hannun kamfanin Jos tare da Bauci da Filato da Binuwai, mita mai kati kuma ta riƙa shiga gidaje. A Afrilu 2024 hukumar da ke tsara farashin lantarki ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya zuwa Naira 225 ga rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Lissafin ba shi da wuya. Na'ura mai ƙarfin doki ɗaya da rabi takan ci wajen wat 1,200. In ta yi awa 8 ba hutu ta lashe yunit 9.6, watau Naira 2,160 a wancan farashi, a dare guda, a ɗaki guda. Unguwar da ba ta cikin wannan rukuni tana biyan ƙasa da haka, amma dai mitar ba ta barci. Hukumar tattalin makamashi ta Indiya ta ƙiyasta cewa kowane digiri ɗaya da aka ɗaga yana rage kimanin kashi 6 cikin ɗari na wutar da na'ura ke ci, har daga Janairu 2020 ta wajabta a riƙa fito da sababbin na'urori a saite kan 24. Mutanen Japan ma tun 2005 suka shiga yekuwar a bar ofisoshi a 28. Lamba 25 ko 26 tare da fanka ta ishi mai barci.

Akwai kuma tamostat mai agogo, wanda ake tsara masa lokuta: ya tashi na'ura ƙarfe tara na dare, ya sassauta ƙarfe biyu, ya kashe ta da asuba. Irinsa ne ɗan'uwa mazaunin Amurka kan aiko da shi tsaraba, a kawo wa mai wayarin ya kafa, a nan ne kuma ake samun ɓarna. Na Amurka an yi shi ne don gida mai babban inji guda da ke hura ɗumi da sanyi ta bututu zuwa kowane ɗaki, wutarsa kuma bolt 24 ce daga wata ƙaramar tiransifoma. Wayoyinsa sirara ne, kowace da harafinta: R mai kawo wuta, Y ta kwamfuresa, G ta fanka, W ta murhun ɗumama gida, C kuma ta komawar wuta. Wutar gidajen Nijeriya bolt 230 ce. Duk wanda ya jona ta ga wannan ɗan akwati ya ƙone shi nan take. Abin tsoro ma shi ne launi, don koriyar waya a can ta fanka ce, a nan kuwa ta ƙasa ce, wadda ke kare rai. Iyakwandishan mai gida biyu, wadda rabinta ke cikin ɗaki rabi a waje, galibi ba ta da ma inda za a soka waɗannan wayoyi. Nata agogon yana cikin rimot, har da maɓallin barci wanda a yawancinsu ke ɗaga lamba da digiri ɗaya bayan awa guda, ya ƙara ɗaya bayan wata awar. An riga an biya kuɗinsa tun a kanti, sai dai ba a danna shi.

Wanda ke da na'urar taga, ko hitar ɗumama ɗaki, shi ne zai amfana da tamostat na bango mai bolt 230. Ana kai masa wayar wuta da ta komawa don ya rayu, amma a duba lambar amfiya da aka rubuta a bayansa. Da yawansu amfiya 3 ko 5 kaɗai suke ɗauka, kwamfuresa kuwa a lokacin tashi yakan fizgi ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Don haka sai a sa kwantakta, watau babban makunni mai maganaɗisu, tamostat ya riƙa ba shi umurni, shi kuma ya ɗauki nauyin. A kafa shi kamar mita ɗaya da rabi daga ƙasa, a bangon da rana ba ta dukansa, nesa da taga da madafa da bakin iskar na'urar, in ba haka ba zai riƙa auna zafin bango ne ba na ɗaki ba. A nemi mai batir kuma, don kada duk ɗauke wuta ta shafe masa tsarin da aka yi.

Duk wannan kuwa banza ne in wayarin ɗin kansa bai inganta ba. Iyakwandishan tana bukatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da nata bireka, da makunni mai amfiya 20 mai yanke waya biyu, ba a jona ta a soket ɗin talabijin ba. Kaurin waya kada ya gaza milimita 2.5, masu sana'a da yawa ma sun fi son 4 in akwai nisa. Araha ba ta ado: akwai wayar da aka yi wa wankan tagulla a sama, cikinta kuwa alminiyam ne, ita ce ke zafi cikin silin har ta kama katako tsakar dare. Ja ko ruwan ƙasa ita ce mai wuta, baƙa ko shuɗiya ta komawa, koriya ko mai ratsin rawaya ta ƙasa, kuma dole a kai ta ga sandar da aka kafa cikin ƙasa. Ba a taɓa waya sai an kashe babban makunni an gwada da testa, in akwai janareta ko infata ta sola su ma a cire su. Tun 2015 akwai hukumar NEMSA da ke ba masu wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne mai gida ya nemi ya gani.

Sai kuma halin wutar. In aka ɗauke aka maido nan take, gas ɗin cikin kwamfuresa bai gama daidaita ba, tashinsa a haka yana iya ƙone shi. Shi ya sa na'urori ke jinkirin kamar minti uku, shi ya sa kuma ake sa musu akwatin kariya mai yanke wuta in ta yi ƙasa ko ta yi sama. Mai gida ya ga an kawo wuta sanyi bai zo ba, sai ya kira mai gyara, wani mai gyaran kuma don ya faranta masa sai ya tsallake tamostat ya haɗa wuta kai tsaye. Ranar nan sanyi kamar Jos. Bayan 'yan kwanaki ƙanƙara ta toshe bututu, ruwa ya riƙa ɗiga a bango, kwamfuresa ya mutu, kuɗin sabo kuwa ya ninka na tamostat sau da yawa. Yin haka a hitar ruwan wanka ya fi muni, gama tulun da ba mai tsai da shi zai tafasa ne, in bawul ɗin kariya ya toshe kuma yana iya fashewa.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, sai al'amari ya juya. Yawancin na'urorin da ake sayarwa a ƙasar nan sanyi kaɗai suke yi, ɗumi kuwa kaskon garwashi ne ke ba da shi, shi ko ba shi da mai gadi, iskarsa marar wari tana kashe mai barci a ɗakin da aka rufe ruf. Ita kuma iyakwandishan tana nan a bango ƙurar hunturu tana cika mata raga, ta lulluɓe ɗan ƙullutun nan har ya kasa jin zafin ɗaki sosai. Kafin Maris ya kama sai a zare ragar a wanke da ruwa, a shanya ta a inuwa, a mai da ita.