Kimiyya Bayan An Tashi Daga Makaranta

Idan an kaɗa ƙararrawar tashi, ka kama hanyar gida zuwa Tudun Ƙofa, kada ka zaci ka baro kimiyya a cikin aji. Tana jiran ka a tsakar gida. Makarantun sakandare da yawa a Najeriya suna da ƙungiyar JETS, inda ɗalibai suke haɗuwa bayan darasi su yi gwaje-gwaje. In babu ita a makarantarku, kai da abokanka huɗu ko biyar kun isa ku kafa taku. Ba sai kuna da ɗakin gwaje-gwaje ba.

Fara da randar gidanku. Ka taɓa tambayar kanka me ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi? Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu, iska ta busar da shi. Yayin da yake bushewa, sai ya tafi da zafin ruwan da ya rage a ciki. Haka gumi yake sanyaya jikinka.

Wani malami a Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya yi aiki da wannan sani. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe bakin da jiƙaƙƙen ƙyalle. Kayan miya da aka ajiye a ciki sukan yi kwanaki ba su lalace ba, kuma babu wutar lantarki. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Ku ma ku gwada. Ku sa tumatir uku a irin wannan tukunya, wasu uku a kwano a inuwa. Kowace yamma ku duba, ku rubuta abin da kuka gani a littafi guda. Rubutun nan, a ganina, shi ne ya raba gwaji da wasa, domin ido yana gani amma zuciya tana mantuwa.

Kuna bukatar babba ɗaya da zai riƙa zama da ku, ko malami ko yaya. Aikinsa shi ne ya yi tambaya, ya kuma daure ya riƙe amsa a bakinsa har ku nemo ta da kanku. Wannan yana da wuya ga manya!

Ga tambayar farko da zai iya yi muku. Keffi ta fi Jigawa ruwan sama da laima. Shin tukunyarku za ta yi sanyi a watan Agusta, tsakiyar damina, kamar yadda za ta yi a watan Janairu, lokacin hunturu? Ku rubuta hasashenku yau, sannan ku gwada a lokutan biyu.